Tsaka-tsaki a kimiyya: Kalma ɗaya, ma'anoni da dama

Idan aka ce mutum ɗan ba-ruwanmu ne, an san bai goyi bayan kowa ba. A fagen kimiyya kuwa, tsaka-tsaki na nufin ƙarfi biyu sun yi kunnen doki, kuma rashin fahimtar hakan kan jawo asarar rai.

A fara da madafa. Uwargida kan jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Tsamin asid ne, kanwa kuma kishiyarsa ce, idan suka haɗu sai su kashe kaifin juna. Ma'aunin pH, wanda Soren Sorensen ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a 1909, shi ke auna wannan. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne, tataccen ruwa kuma yana kan 7. Da wannan dabara maganin ƙwannafi ke aiki, haka ma farar ƙasa da ake zubawa a gona mai tsami.

Sai dai haɗuwar tana fitar da zafi. Shi ya sa likitoci ke gargaɗin kada a ɗura wa wanda ya sha ruwan batir kanwa, a garzaya da shi asibiti. Idan a fata ya zuba, a wanke da ruwa mai yawa.

A aikin lantarki, wayar da masu gyara ke kira nutural ita ke mayar da wuta inda ta fito. Wasu na ɗauka ba ta ja, alhali idan ta tsinke ko aka juya haɗin, tana iya kisa. Haka direban da ya saka mota a firi kan gangara ya raba taya da inji, ya bar wa birki aikin shi kaɗai.

A 1932 James Chadwick ya gano ƙwayar nutron a Ingila. Ba ta ɗauke da caji, don haka take kutsawa cikin cibiyar ƙwayar zarra ba tare da an tunkuɗe ta ba. Ita ke fasa yuraniyom a tashoshin nukiliya.

A batun sauyin yanayi ma, Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 iskar kabon da take fitarwa za ta yi daidai da wadda ake janyewa daga sarari. Alƙawarin bai ce hayaƙi zai ƙare ba, lissafi ne na shiga da fita, kuma sai an auna da gaskiya kafin ya cika.