Tseren Jama'a a Wuraren Tarihi: Misalin Rijiyar Kusugu

Bahaushe ba ya gudun banza. In aka ga magidanci ya sheƙa a guje cikin gari, tambayar farko ita ce, "Lafiya?" Gudun da ya sani shi ne na yara a dandali, kamar langa, ko kuwa na dawaki ranar sukuwa. Saboda haka tseren nishaɗi, wato wanda yaro da babba ke fitowa su yi gudun kilomita 5 ko 10 ba don neman kambi ba, baƙon abu ne gare shi. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda za a shirya irin wannan tsere a rijiyar Kusugu ta Daura ba tare da an zubar wa wurin da mutunci ba.

Haɗa gudu da wurin tarihi ba sabon abu ba ne a duniya. Gudun famfalaki na wasannin Olamfik na 1896 daga garin Maraton ya tashi zuwa Atina ta ƙasar Girka, domin tunawa da yaƙin da aka yi a can shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A ƙasar Kambodiya an fara tsere a tsakanin tsofaffin gine-ginen Ankor a 1996, aka riƙa tallafa wa waɗanda nakiyoyi suka nakasa da kuɗin da aka tara. Sai dai waɗannan wurare ne masu yalwar fili, Kusugu kuwa ba haka take ba.

Rijiya ce a cikin tsohon gari, an kewaye ta da gini, ga gidajen mutane a kusa da ita. Darajarta kuma ba a girma take ba, a labarinta take. A nan ne, in ji masu ruwaya, macijin nan Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Daga nan ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, wanda ake danganta sarautun Hausa Bakwai da zuriyarsa. Har yau baƙi na zuwa su ja guga su sha ruwanta. Wurin da ake shiga da natsuwa irin wannan ba zai ɗauki ɗaruruwan mutane masu haki da turereniya ba. Don haka kada a sa mafarin tsere ko maƙarensa a bakin rijiyar. A tashi daga fili mai faɗi, a bi ta titi a gitta ta kusa da ita, a ƙare a wani filin. Bayan an huta, sai a riƙa shigar da mutane ƙungiya-ƙungiya su ga rijiyar.

Maganar izini kuwa daga fada take farawa. Takardar ƙaramar hukuma da ta 'yan sanda wajibi ne, amma ba su ne za su sa mai shago ya janye tebur daga hanya, ko ɗan acaɓa ya dakata ba. Wannan aikin masu unguwanni ne, su kuwa umarnin da ya fito daga fada suke ji. Bugu da ƙari, masarautar Daura ta daɗe da sanin yadda ake sarrafa taro, domin kowace shekara tana yin hawan Salla da na Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, inda dawaki da 'yan kallo ke cika gari. Dogaran da suka iya buɗe wa doki hanya ba za su kasa buɗe wa mai gudu da ƙafa ba. Wanda ya tsallake su ya ɗauko tsari daga Legas, inda aka fara babban tseren birni a 2016, zai sha mamaki.

Lokacin da ya dace shi ne sanyin safiya a cikin hunturu, tsakanin Nuwamba da Janairu. Zafin bazara a Daura ba abin wasa ba ne, kuma a kauce wa watan azumi da ranar Juma'a. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, to a nan maganar ta faɗa daidai: a tanadi ruwan sha a kan hanya da 'yan agaji, kada a dogara da guga ɗaya. A kuma sa masu tsintar leda a bayan ayari. Mata su sami nasu rukuni da nasu lokacin tashi, cikin suturar da iyayensu da mazajensu za su yarda da ita, in ba haka ba rabin gari zai zauna a gida.

Saura abin da za a faɗa wa mahalarta a bakin rijiyar, kuma a nan ne ɗaliban Hausa ke da aiki. Tun 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya nuna cewa labarin Bayajida bai isa ya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu ba, labarin da kansa ma ya nuna baƙon ya tarar da gari da sarauniya da maƙera. Mai yi wa baƙi jagora ya kamata ya ba da labarin yadda Daurawa ke ba da shi, da takalmin da aka ce jarumin ya bari a bakin rijiya, sa'an nan ya ƙara da cewa masana na da ja. Yaron da ya yi gudun kilomita 5 ya zo yana haki, minti biyar kawai zai saurara, saboda haka a tsara bayanin tun kafin ranar, a kuma nuna wa fada ta gani.