Kokon Lazaret da Kwalayen Kanti

Koko mai kyau, hanci ke riga harshe gane shi. Gasarar da ta kwana tana da wani ƙamshi na tsami-tsami haɗe da citta da kanumfari, wanda ke tashi da zarar an kwara mata tafasasshen ruwa. A unguwarmu ta Lazaret, nan Yamai, ƙamshin nan ne ke cika lunguna bayan sallar asuba, lokacin da masu koko ke fito da robobinsu, yara na tsaye da kofuna, ƙosai na soyuwa a gefe.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne kwalayen abincin karin kumallo da ake jerawa a manyan kantuna, an rubuta a jikin wasunsu da Faransanci cewa babu gulutin a ciki, kuma daga tsirrai zalla aka yi su. Na ɗanɗana wani da ɗiyar yayata ta sayo. Cokalin farko akwai daɗin tauna, ƙaras-ƙaras a haƙori. Kafin in kai rabin kwano ya sha ruwa ya saki jiki, zaƙin sukari ya wuce, bai bar komai a baki ba. Hantsi bai gama dubawa ba na ji yunwa. Abincin yana da nasa amfani ga mai sauri, amma ya kamata mu san cewa abin da kwalin ke tinƙaho da shi yana cikin tukunyarmu tun kaka da kakanni.

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya miƙe in an ja shi, ya riƙe iska har burodi ya kumbura. Ga yawancin mutane ba shi da wata illa. Amma akwai masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, waɗanda yake lalata wa bangon hanji, su yi ta fama da zawo da kumburin ciki da rama. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu shi a cikinsu. Amma ko shahararren soyayyen garin masarar nan da gidan Kellogg ya fara sayarwa a Amurka a 1906 akan sa masa tsiron sha'ir don ɗanɗano, shi ya sa masu wannan cuta ke kauce masa sai wanda aka yi musu na musamman.

To in babu danƙo, daga ina kaurin koko yake zuwa? Daga sitacin gero. Ruwan zafi na taɓa shi sai ya kumbura ya kama jikinsa, ya yi santsi, ya bi maƙogwaro ba tare da ya manne a dasashi ba. In ya huce sai ya daskare ya yi fata a sama, don haka koko ba ya jiran kowa. Akwai wata dattijuwa a layinmu da hannunta ya faɗa a wannan aiki. Ba ta awo, da nauyin ludayi take gane ya yi. In na ce, "Inna, a zubo na dala ashirin, a sa mini gaya," sai ta nitsa ludayin har ƙasa ta kwaso ƴan dunƙulen nan masu laushi a waje da ɗan tauri a ciki. A ganina gayan nan ya fi duk wani ƙaras-ƙaras na kwali, domin ba ya narkewa ya bar ka da ruwa.

Aikin kuwa tun jiya ya fara. A surfa gero, a bakace dusa, a wanke a rege tsakuwa, a jiƙa, a kai inji tare da kayan yaji, a tace da rariya, a bar shi ya kwanta. A daren nan ne ƙananan halittu masu amfani, dangin waɗanda ke mai da madara nono, suke saka masa tsami. Tsamin ya wuce daɗin baki: yana rage wani sinadari na cikin hatsi da ke hana jiki tsotsar ƙarfe. Mai son sauri ya jiƙa tsamiya ya samu kunun tsamiya mai kaifi. Mai son laushi ya sa kanwa, kunun ya yi ɗorawa-ɗorawa da ƙamshin ƙasa. Wanda ke son garɗin madara ba tare da nonon dabba ba, kunun gyaɗa na nan.

Gero yana da rauni guda, kuma shi ne ya hana shi cika kantuna. Yana da mai fiye da alkama da shinkafa, don haka garinsa ba ya jure ajiya: ƴan kwanaki kaɗan a zafin Yamai sai ya fara maƙaƙi da ɗaci. Ƙungiyoyin mata da ke ƙulla garin kunu da busasshen gaya a leda suna ƙoƙari ƙwarai, kuma masu zuwa aiki da sassafe sun ji daɗinsu. Sai dai wasu garin nasu ya rasa tsamin kwana, ya zama lami. A nan nake ganin ya kamata masu bincike su dafa musu.

Lazaret ta san darajar hatsi fiye da unguwanni da yawa, domin a nan aka kafa sansanin waɗanda fari ya koro a shekarun 1973 da 1974. Yau Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman gero. A 2018 aka fitar da irin gero na Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe, aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke da tasharta a Sadore, kudu da Yamai, tare da takwararta ta ƙasa, INRAN. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Duk da haka, tsinkakken koko shi kaɗai ba ya gina yaro. Cikinsa ƙarami ne, ruwa ke cika shi. Wannan ne dalilin garin Misola, wanda aka fara a Fada N'Gourma ta Burkina Faso a 1982, inda ake haɗa gero da waken soya da gyaɗa. Uwa na iya yin kwatankwacinsa a gida da soyayyar gyaɗa da wake, daga wata shida zuwa sama, tare da ci gaba da shayarwa.

Wanda likita ya hana wa alkama ya kula da abubuwa biyu. Wasu na dama kunun gyaɗa da alkama, don haka ya tambaya kafin ya sha, kuma ya tabbatar injin da za a niƙa masa bai niƙa alkama ba. Ya bar fanke da burodi, ya riƙe ƙosai. Sauran jama'a kuwa, kafin ku kashe jaka biyu ko uku a kan kwali guda, ku auna tiya nawa ta gero kuɗin nan za su saya a kasuwar Katako, da bakin mutum nawa za ta ciyar.