DAGA KUSADA ZUWA BAKIN BAHAR RUM: YAWON YINI GUDA A GAƁAR TUNISIYA

Mutumin Kankiya ko Kusada, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne na fadama da na gulbin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, in ka ce masa yana da wata alaƙa da Bahar Rum, sai ya ɗauka ba'a kake yi masa. Alhali kuwa alaƙar tana nan, kuma tsohuwa ce ƙwarai. A watan Disamba na 1849 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya sauka birnin Tunis, ya bi gaɓar teku ta Susa da Safakis har Tarabulus, daga nan ya faɗa Sahara ya biyo ta Gat da ƙasar Azbin. A farkon 1851 ya baro Katsina ya nufi Kano, kuma Kusada tana cikin garuruwan da ya ratsa, ya ambata a littafinsa. Ba shi ya share wannan hanya ba. Tarar da ita ya yi fatake sun daɗe suna binta, suna kai turkuɗi da jar fata, suna komowa da takarda da alharini da littattafai. Watau dai bakin tekun da za mu zaga yau yana can ɗaya ƙarshen hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu.

Tafiyar da ta ci wa Abdulkarim fiye da shekara guda, yanzu jirgin sama kan yi ta cikin yini. Akwai 'yan kasuwarmu da ma'aikatan gwamnati waɗanda saro kaya, ko taro, ko neman magani kan kai su Tunis, amma da yawansu daga masauki sai kasuwa, daga kasuwa sai filin jirgi, su komo gida ba su ga kome ba. Wannan hasara ce, domin ƙasar ƙarama ce, kuma mafi yawan wuraren da suka cancanci gani mutum na iya zuwa da safe ya kwana a masaukinsa. Motar haya tasu, wadda suke kira luwaj, fara ce mai jan zane, tana ɗaukar mutum takwas, kuma ba ta tashi sai ta cika, daidai da yadda muka saba a tashar Kankiya. Wanda ya san zaman jiran cikon mutum ɗaya ba zai yi baƙunta ba.

Wuri mafi kusa shi ne Sidi Bu Sa'id, ƙauye ne bisa tsauni mai kallon teku, kimanin kilomita 20 daga Tunis, ƙaramin jirgin ƙasa na zuwa. An sa masa sunan Shehu Abu Sa'id al-Baji wanda ya rasu a 1231, kuma kabarinsa na nan. Dukan gidajen farare ne, ƙofofi da tagogi shuɗɗa, tun 1915 aka kafa doka ta kare wannan kama. Yana da kyau, babu musu, amma baƙi sun yi masa yawa, kuma kuɗin shayi a can ya ninka na cikin gari. Sa'a biyu sun isa.

Inda na fi so mai karatu ya ba yini sukutum shi ne Garul Milh, watau Kogon Gishiri, wanda Turawa suka sani da Porto Farina. Yana arewa da Tunis, nisansa kusan kamar daga Kankiya zuwa Katsina. Ƙauyen masunta ne yanzu, a matse tsakanin dutse da wani tafki na ruwan gishiri, amma a ƙarni na 17 shi ne mafakar jiragen yaƙin sarakunan Tunis, shi ya sa har yau za ka ga ganuwoyi uku na zamanin Turkawa da tsohuwar tashar jiragen. A 1655 wani jarumin ruwa na Ingila, Robert Blake, ya shigo ya ƙone jirage tara a nan. Abin da ya kashe tashar daga baya kuwa ba abokan gaba ba ne, laka ce da kogin Majarda ya yi ta kwasowa yana zubawa har manyan jirage suka kasa shiga.

To, amma abin mamakin garin yana cikin gonakinsa. Musulmin Andalus da aka koro daga ƙasar Sifen tun daga 1609 sun zo sun tarar babu filin noma, sai dutse a baya, ruwan gishiri a gaba. Sai suka riƙa tara rairayi da taki a gefen tafkin suna yin 'yan tsibirai. Hikimar ita ce, ruwan sama ya fi na gishiri rashin nauyi, saboda haka in ya nutse cikin rairayin sai ya zauna bisa na gishirin, bai gauraya ba. Duk sa'ad da teku ta ciko sai ta ɗago wannan ruwa mai daɗi ya taɓa saiwar shuka, in ta janye ya sauka. Ba rijiya, ba jigo, ba injin ban ruwa, ga dankalin Turawa da albasa da wake suna fitowa. Aikin manomi shi ne ya kiyaye tudun gonar: in ta yi ƙasa gishiri ya ƙone shuka, in ta yi bisa ƙishirwa ta kashe ta. Suna kiran wannan noma Ramli, kuma a 2020 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin gadon noma na duniya. Yanzu ƙarancin ruwan sama da hauhawar teku suna yi masa barazana. Duk mai noman rani a ƙasar Kusada, wanda ya san abin da man inji ke ci masa kowace shekara, ya kamata a ce ya tsaya a bakin waɗannan gonaki ya yi ta kallo. Gaba kaɗan da garin akwai bakin ruwan Sidi Ali al-Makki, mai farin rairayi, da wasu lungunan teku a gindin dutse waɗanda masu kwalekwale ke kai mutane.

Gabas da Tunis kuma akwai wani dogon hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku ya nufi tsibirin Sikiliya, Turawa na ce masa Cap Bon. Nan ne lungunan da babu hayaniya suka fi yawa. A Kurbus ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga dutse. Akwai wani ido da suke kira Ainul Atrus, watau Idon Bunsuru, wanda ke kwarara kai tsaye cikin teku da zafin da hannu ba ya jurewa, masu ciwon gaɓɓai su zauna daidai inda ya haɗu da ruwan sanyi. A can ƙarshen hancin akwai Hawariyya, inda kogwannin da aka sassaƙo duwatsun gina tsohon birnin Kartaj suke. Mutanen garin sun shahara da kama shaho da bazara, lokacin da tsuntsaye ke ƙetarawa daga Afirka zuwa Turai, su horar da shi ya yi musu farauta, daga baya su sake shi. Daga nan zuwa Sikiliya bai fi kilomita 150 ba. A hanyar komowa a biya ta Kilibiya, a hau ganuwarta, a ci kifi.

Sai dai in yi gargaɗi a nan. Mafi yawanmu ba mu iya iyo ba, kuma wanda ya iya na kududdufi bai iya na teku ba. Lungun da babu mutane, babu mai ceto. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wanda kuma ba ya son idonsa ya ga abin da ba ya so, ya guji watannin Yuli da Agusta; Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi sanyi, sun fi natsuwa.

GAƁAR MALAMANMU

Tafiyar da ta fi kowace nauyi ga wanda ya yi karatun zaure ita ce ta kudu, zuwa Susa, kimanin kilomita 140 daga Tunis. Kalmar ribaɗi ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa irinsu a bakin iyaka, kuma a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837. To, a wannan gaɓa ne mutum zai ga ribaɗin dutse na tun farkon zamani yana tsaye: na Munastir, wanda Harsama ɗan A'ayan ya gina a 796, da na Susa, wanda aka ɗaga hasumiyarsa a 821. Masu zama cikinsu dare su yi ibada, rana su yi tsaron teku, in sun hango jiragen Rumawa su kunna wuta bisa hasumiya, na gaba ya gani shi ma ya kunna.

Daga tashar Susa ne, a 827, Alƙali Asadu ɗan Furat ya tashi da rundunar da ta fara buɗe Sikiliya. Wannan Asadu almajirin Imamu Malik ne, kuma littafinsa, Asadiyya, shi ne tushen da Sahnun ya gyara ya fitar da Mudawwana. Yana tsoho ya hau jirgi, ya sauka a wani gari mai suna Mazara, ya rasu a Sikiliya a 828. Shekara ɗari uku bayan haka sai ga wani babban malami mai nasaba da wannan garin, Imamu Mazari, yana karantarwa a Mahdiyya. Da ya rasu a 1141 aka kai shi Munastir aka rufe, kuma babbar maƙabartar da ke gindin ribaɗin sunansa take amsawa har yau. Wanda ya buɗe Muhtasar ya san shi, domin yana cikin malamai huɗu da Shehu Halilu ya ambata a gabatarwa ya keɓe wa kowannensu alama. Ƙairawan kuwa, garin Ibn Abi Zaidi mai Risala, wanda ya rasu a 996, tafiyar sa'a guda ce daga Susa ta cikin ƙasa. Ƙaramin jirgin ƙasa na haɗa Susa da Munastir da Mahdiyya, saboda haka mai sammako na iya haɗa biyu a yini. Uku kam ya zama gudu, ba ziyara ba.

Tun da Risala ta shigo zance, bari mu taɓa abin da matafiyi zai bukata. Nisan da ke halatta ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ne, watau kilomita 80 da ɗoriya, zuwa kaɗai, ba a haɗa shi da komowa. Kankiya zuwa Katsina bai kai ba, Kankiya zuwa Kano ya kai. Haka nan wanda ya yi niyyar kwana huɗu a Tunis ya zama mazauni, in ya fita zuwa Sidi Bu Sa'id ko Garul Milh zai cika sallarsa, in kuwa Susa ko Hawariyya ya nufa, ya shiga hukuncin matafiyi, sai dai malamai sun karhanta ƙasaru ga wanda wasa kurum ya fitar da shi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Alƙibla kuma ta juya: mu a nan gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, su a can gabas maso kudu ne. A tambayi mutanen gari, kada a dogara da sabo.

ƊAYA FUSKAR GAƁAR

Na ukun waɗancan malamai huɗu da zan ambata, ban da Mazari da su Ibn Rushdi, shi ne Abul Hasan al-Lahmi, wanda ya rasu a 1085, kabarinsa na Safakis. Sunan wannan gari ya shiga kunnen iyaye da yawa a Afirka ta Yamma a 'yan shekarun nan, amma ba don Lahmi ba. Lungunan tekun da ke arewa da Safakis, irin waɗanda muka yi ta yabo a sama saboda ɓoyuwarsu, su ne inda masu fasa-ƙwaurin mutane ke loda samari da mata da jarirai cikin dare, a kwalekwalen ƙarfe da aka yi wa walda a gaggauce, su nufi tsibirin Lamfedusa na Italiya, tafiyar kilomita 180 ko kusa da haka. Irin wannan kwalekwale in igiyar ruwa ta cika shi nan take yake nutsewa. A watan Satumba na 2023 mutanen da suka sauka Lamfedusa cikin kwana biyu sun fi mazaunan tsibirin yawa, kuma hukumar ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 3,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum a wannan shekara kaɗai.

Shekarar ta yi wa baƙar fata tsanani a ƙasar. Bayan jawabin da Shugaba Kais Sa'id ya yi a watan Fabrairu kan baƙin haure, an kori mutane da yawa daga gidajen haya da wuraren aiki, har da ɗalibai masu cikakkun takardu suka sha tsangwama. A watan Yuli kuma aka kwashe ɗaruruwa daga Safakis aka zubar a hamadar kan iyakar Libiya, wasu ƙishirwa ta kashe su. Wannan ƙasa ce da ta soke bauta tun 1846, kuma a cikin birnin Tunis har yau akwai jikokin Hausawa da Barebarin da aka kai can ta hanyar Sahara. Saboda haka mai zuwa yawo, ko da alhaji ne mai biza da tikitin komowa, kada ya fita masauki sai da fasfonsa a aljihu, kuma kada ya amsa tayin wani baƙon da ya ce zai kai shi bakin ruwa da dare.

Can kudu, a garin Jarjis kusa da iyakar Libiya, teku kan mayar da abin da ta ci. Wani tsohon masunci ya yi shekaru yana tsintar gawarwaki yana rufewa a wani fili da ake kira Maƙabartar Waɗanda Ba A Sani Ba. Da ta cika, wani mai zane ɗan Aljeriya, Rashid Ƙuraishi, ya sayi fili ya gina sabuwa, aka buɗe ta a watan Yuni na 2021. A kan yawancin kaburburan babu suna, babu sunan uba, babu na gari. Abin da ake rubutawa shi ne namiji ne ko mace, irin rigar da aka same shi da ita, da bakin ruwan da aka tsince shi, da ranar.