Abin da Ya Sa Manhaja Ke Riƙe Saƙo Kafin Ta Sake Shi

Galibin masu amfani da kwamfuta sun ɗauka cewa da zarar manhaja ta rubuta saƙo, ya isa inda aka aika shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Saƙon kan tsaya a wata 'yar ma'ajiya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, har sai an tara da dama, sannan a tura su gaba ɗaya. Wannan jinkiri da gangan aka tsara shi, kuma yana da hujja mai ƙarfi, muddin mai rubuta manhajar ya san saƙon da zai iya jira da wanda ba zai iya ba.

Hujjar ita ce tsada. Duk lokacin da manhaja za ta rubuta wani abu a fayil ko a allo, sai ta nemi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta yi mata aikin, kuma kowace nema tana cin lokaci. Kamar motar haya ce a tasha: direba ba ya tashi da fasinja ɗaya, sai mota ta cika. Misali, harshen rubuta manhaja na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, ya zo da umarnin printf, mai jera lambobi da kalmomi bisa tsarin da aka ba shi. Ɗan'uwansa fprintf yana ba da damar zaɓar inda saƙon zai je. Idan allo ne, akan saki rubutun layi bayan layi, domin mutum na zaune yana kallo. Idan fayil ne, sai a jira ma'ajiyar ta cika, wadda sau da yawa kan ɗauki bayit 4096 ko 8192.

Masu suka kan ce wannan dabara tana ɓoye gaskiya daidai lokacin da aka fi bukatarta, kuma maganarsu ba ta wofi ba ce. Manhaja na iya rubuta "an fara lissafi", ta rushe jim kaɗan, a buɗe fayil a tarar babu ko harafi ɗaya, don saƙon ya mutu a ma'ajiya. Mai gyara sai ya tafi neman matsala inda babu ita. Sai dai tsarin Unix, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da na'ura, ya yi tanadin wannan tun da daɗewa. Kowace manhaja tana da ƙofofin fita biyu: ta 1 don sakamakon aiki, ta 2 don kurakurai. Ƙa'idar harshen C ta 1989 ta hana a riƙe saƙon ƙofa ta 2 har sai ma'ajiya ta cika, shi ya sa gargaɗi ke fita da wuri. Ana kuma iya juya sakamako zuwa fayil a bar kurakurai a allo, kada su gurɓata bayanan da wata manhaja za ta karanta.

Akwai sauran ƙorafi: idan aka haɗe ƙofofin biyu a fayil guda, kuskure kan riga sakamakon da aka rubuta kafinsa bayyana, jerin ya hargitse. Maganinsa umarnin fflush, wanda ke tilasta sakin abin da ke ma'ajiya nan take. A zuba shi bayan kowane harafi, manhaja ta yi nauyi. A manta da shi gaba ɗaya, a yi asarar shaida ranar da abu ya lalace. Saboda haka hukuncin yana hannun mai rubuta manhaja: ya bar tarin sakamako ya jira, ya saki duk saƙon da za a nema idan aiki ya tsaya a tsakiya.