Yadda Ɗan Ƙari Ke Sa Tangaran Ya Jure Wuta

Wani nau'in tangaran na masana'antu ana yin sa ne da sinadaran da ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, irin su alumina da zirkoniya. Darajarsu ita ce wuyar narkewa: alumina sai zafi ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, zirkoniya kuwa sai wajen 2,700. Sai dai rashin narkewa kaɗai ba ya wadatarwa, domin abin da bai narke ba yana iya tsagewa.

Zirkoniya tsantsa tana sauya tsarin ƙwayoyin zarrarta a wajen digiri 1,170, ta sake sauyawa a wajen 2,370. Idan tana hucewa ta sauko kusa da matakin farko, sai ta kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kumburin ya farfasa ta. Maganin wannan shi ne a gauraya mata yitiriya ko magnesiya ko kalsiya, waɗanda ke riƙe tsarin da ta ɗauka cikin zafi har bayan ta huce. Da zirkoniya mai kashi 7 zuwa 8 na yitiriya ake lulluɓe sassan injin jirgin sama da wuta ke dukansu.

A 1975 Ron Garvie da abokan aikinsa a Ostireliya suka nuna cewa rage ƙarin ma yana da amfani. Idan tsaga ta taso, ƙwayoyin da ke bakinta sai su kumbura su matse ta, ta kasa ci gaba.

Matsalar alumina daban ce: ƙwayoyinta kan yi girma fiye da kima wajen gashi, su kulle ƙananan ramuka a cikinsu. Robert Coble na kamfanin General Electric ya gano cewa magnesiya ƙasa da kashi 1 tana hana haka. Daga nan aka samu aluminar da haske ke ratsawa, wadda ake sa wa fitilun sodiyam na kan titi.

Akwai kuma ƙari mai cutarwa. Sodiyam da fotasiyam da tsatsar ƙarfe suna saukar da matakin narkewa, su zama ruwan gilas tsakanin ƙwayoyi, tubalin tanda ya yi laushi ya lanƙwashe. Shi ya sa ake tsananta tace yumɓun da za a gina tandar narka ƙarfe da shi. Juriyar tangaran ga wuta ta rataya ne a kan irin abin da aka ƙara masa da kuma gwargwadonsa.