Shin ruwan tukunyar shisha yana tace gubar taba?

A'a. Matasa da yawa a wuraren shaƙatawa na Unguwar Rimi da Malali sun ɗauka shisha ba ta kai sigari illa ba, tunda hayaƙin yana bi ta ruwa. Ruwan sanyaya hayaƙi kawai yake yi, nikotin da sinadarai masu jawo ciwon daji suna wucewa huhu. Gawayin kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin zama ɗaya na iya kai na sigari 100. Idan mai sha ya suma, a fitar da shi waje, a garzaya asibiti.