Tantance Asalin Tsohon Kayan Ado na Tagulla da Gilashi: Darasi Daga Durɓi ta Kusheyi

Gabatarwa

Tun da Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a shekarar 1991 ake ta haƙa harsashin gini a unguwanni irin su Takur. A ce wata rana diga ta tono wani abin ado na tagulla, mai duwatsun gilashi a jikinsa. Tambayoyi uku za su taso: mene ne shi, daga ina ya zo, kuma shekarunsa nawa? Wannan takarda za ta bayyana hanyoyin da masana ke bi wajen amsa su.

Shaidar da ke jikin abin

Da fari ana duba ƙirar. Maƙeran fari na da sukan yi zubi ne da kakin zuma, watau su siffata abu da kaki, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, sa'an nan su zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Tun da yake sai an fasa yumɓun kafin a fitar da abin, ba a samun biyu masu kama ɗaya sak. Idan kuwa aka ga kusa mai zare wadda inji ya yanka, to da wuya abin ya girmi ƙarni na 19.

Bayan ƙira sai awon ƙarfen. Tagulla gamin jan ƙarfe ce da tutiya, kuma a tsohuwar hanyar haɗi tutiyar ba ta cika wuce kashi 28 cikin 100 ba. In ta zarce haka da yawa, alama ce ta aikin baya-bayan nan.

Shi ma gilashi yana da tasa shaidar. A da an ɗauka duk tsohon gilashin da ke Afirka ta Yamma baƙo ne. Amma binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun, cikin Ile-Ife, ya tabbatar da cewa ana haɗa gilashi a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma awo yana rarrabe shi da na ƙetare. Sai dai akwai tarko: Masagan Bida sun daɗe suna narka kwalaben Turawa su yi ƙarau da tsakiya. A nan gilashin baƙo ne, aikin kuwa na gida.

Shaidar wurin da aka same shi

Duk wannan ƙiyasi ne kawai yake bayarwa, domin awon kabon, wanda aka fi dogara da shi wajen ƙidayar shekaru, ba ya aiki a kan tagulla ko gilashi. Yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi da itace da gawayi. Saboda haka abin da ke kwance tare da kayan ado ya kan fi kayan adon kansa bayani.

Babu misalin da ya fi Durɓi ta Kusheyi, maƙabartar manya da ke ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. H. R. Palmer ya fara tona ta a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana suka sake tona wasu kusheyi uku, amma a wannan karo sai suka ɗauke kayan tare da ƙasar da ke riƙe da su. Daga bisani aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda aka buɗe su sannu a hankali, aka sami mundayen hauren giwa da tsakiyoyin gilashi da wuri da kayan zinariya da wata tasa ƙirar Gabas ta Tsakiya. Da yake an san abin da ke kusa da kowane abu, aka iya cewa kusheyin sun kama daga wajen ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16. Da a kasuwa aka tsinci tsakiyoyin nan, da babu mai iya danganta su da Katsina, balle ya faɗi lokacin da aka binne su.

Kammalawa

Abin da ya wajaba ga wanda ya tono irin wannan kaya shi ne ya dakatar da haƙa. Kada ya goge koren tsatsar da toka ko lemon tsami, domin ita ma shaida ce. Ya ɗauki hoton abin a inda yake, ya sanar da hakimi ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba. Ma'aikacin da rahoto ya zo wa, ya rubuta wurin da zurfin ramin da ranar. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, haka kayan tarihi suke: in aka raba su da ƙasarsu ba tare da rubutu ba, adon ya kan saura, labarin kuwa ya tafi ke nan.